Makullin da ke hannun mutum ɗaya

A ɗakin da muke taruwa nan Filinge akwai wata tsohuwar na'ura da ake kira uwar garke. Sunan ya dace da ita, don a cikinta akwai kwamfutoci uku marasa jiki, ba allo ba linzami, ita ke raba musu ƙwaƙwalwa da wurin ajiya. Ɗaya na ɗauke da tsofaffin tambayoyin BEPC da BAC, ɗaya na riƙe da littattafan da muke karantawa ba intanet, ta ukun kuwa can muka zuba duk rubuce-rubucen ƙungiyarmu na shekara biyu. Wani yayanmu ne ya haɗa ta kafin aiki ya kai shi Yamai. Mu dai namu shiga da fita, babu wanda ya taɓa tambayar yadda take aiki.

Ran nan, saura kwana shida mu kai wannan ɗan littafi wurin fotokofi, kuran ya yanke. Da ya dawo, uwar ta tashi, fanka na ta gurnani, amma ƴaƴan ko motsi. Tsarin da ke kanta VMware ESXi 5.5 ne, wanda ya fito a 2013, kamfanin kuma ya daina kula da shi tun Satumban 2018. Akan sarrafa shi da wata manhajar Windows mai suna vSphere Client, ita kuma tana kan kwamfutar hannun da ƙura da zafi suka kashe tun bara. Gabana ya faɗi, don ni na ce wa kowa ya goge abin da ke wayarsa, ai komai na ajiye.

Na kira Yamai. "Yaya, mun shiga uku."

"Mi ya faru? Kwantar da hankalinka, ƙanena. Jona mata allo ka gaya mini abin da ka gani."

Na ga allo rabi toka-toka rabi rawaya. Ya ce in danna F2, ya karanto mini kalmar sirri. Sau huɗu tana ƙi. Har na fara zargin ya manta, sai ya yi dariya: madannanmu na Faransa ne, na'urar kuwa tsarin Amurka ta sani, inda na buga A ita Q take gani. Da na musanya haruffan, ƙofa ta buɗe. Na kunna wurin rubuta umarni, na danna Alt da F1, na rubuta vim-cmd vmsvc/getallvms. Sai ga su ukun a jere, kowace da lambarta. Na sake rubuta vim-cmd vmsvc/power.on da lambar ta uku. Minti biyu, ga rubutunmu cif, ko waƙafi bai ɓata ba. Ashe ba a taɓa saita su su tashi da kansu ba, shi yake kunna su da hannu ba mu sani ba.

Murnar ba ta daɗe ba na fara jin kunya. Da wayarsa na kashe fa? Da ya manta fa? Aikin mutum goma sha ya rataya a kan abin da ke cikin kan mutum ɗaya mai nisan kilomita kusan 180. Ba tsufan na'urar ne ya kusa cinye mu ba, rashin tambayarmu ne.

Washegari na sayi kaye. Na rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, har da zancen A da Q. Kalmar sirri tana wurin mutum uku yanzu, an saita ƴaƴan su riƙa tashi tare da uwarsu, rubutunmu kuma duk Juma'a sai an kwafe shi a kile biyu. Jiya wata ƙanwarmu ƴar aji huɗu ta bi kayen ta tayar da su ita kaɗai, ina tsaye ban ce uffan ba.