Lafiya, Garin Da Ke Tsakanin Dutse Da Ruwa

Duk wanda ya saba bin hanyar mota daga Abuja ko daga Jos zuwa Makurɗi ya san Lafiya, sai dai yawancin sanin da aka yi mata sanin bakin titi ne. Direba ya tsaya ya sha mai, fasinjoji su sauka su yi salla, su sayi doya ko lemo, ko mangwaro in lokacinsa ne, daga nan mota ta ɗaga. Kaɗan ne daga cikin masu wucewan nan suka san cewa cikin tafiyar da ba ta kai ta yini guda ba daga wannan gari akwai duwatsu masu koguna na ɓuya, da ruwa mai faɗowa daga kan tsauni wanda samun irinsa a Nijeriya sai an tona, da tafki mai faɗi, da garuruwan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna dafa gishiri. Allah ya hore wa ƙasar Lafiya abin kallo, abin da ya rage shi ne na mutane.

Garin kansa yana da tarihi. Barebari ne suka kafa sarautarsa a ƙarƙashin Muhammadu Dunama wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa har yanzu ake ce masa Lafiyar Barebari. A zamanin Muhammadu Agwai, wanda ya yi sarauta daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta bunƙasa ƙwarai, fatake suka riƙa bin hanya daga nan zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Da Turawa suka zo sai suka sa ƙasar cikin Lardin Binuwai, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Fatakwal ta ratsa garin ta nufi Kafanchan. Lafiya ta zauna cikin Jihar Binuwai da Filato daga 1967, ta koma Jihar Filato a 1976, sa'an nan ran 1 ga watan Oktoba na 1996 ta zama babban birnin sabuwar Jihar Nasarawa. Baƙon da ya sauka zai kyauta ya fara da ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Lafiya, Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, wanda ya gāji Isa Mustafa Agwai a 2019, daga nan ya zaga kasuwa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kafin ya fita bayan gari.

DUWATSUN EGGON

Wanda ya fita ta arewa, ya kama hanyar Akwanga, ba zai yi nisa ba zai hango jerin duwatsu sun tokare sararin sama a kewayen garin Nasarawa Eggon. Waɗannan su ne duwatsun Eggon. Daga cikin mota sai a ɗauka kufai ne wanda ba a taɓa zama a cikinsa ba, alhali kuwa can bisa ne kakannin mutanen Eggon suka yi zamansu. A zamanin da mahara ke yawon kamun bayi, dutsen nan shi ne ganuwarsu, domin doki ba ya iya hawansa, kuma wanda ke sama yana hango mai zuwa tun daga nesa. Sun gina gidaje a tsakanin duwatsu, sun tokare ƙasa da jerin ƙananan duwatsu suka yi gonaki hawa-hawa don kada ruwan sama ya wanke ta. Sai a zamanin Turawa, da hare-hare suka kau aka buɗe hanyoyi, jama'a suka yi ta saukowa suna kafa garuruwa a fili.

Hawan dutsen ba wasan yara ba ne. Ana so a fara shi da sanyin safiya, da takalmi mai riƙe ƙafa, da isasshen ruwan sha, kuma ba a hawa sai da ɗan gari a gaba. Dalili kuwa biyu ne. Na farko, hanyoyin ƙafa ne masu rassa, baƙo yana iya ɓata. Na biyu, akwai wuraren da mutanen ƙasar ke girmamawa tun kaka da kakanni, waɗanda ba a shiga sai da izini. Wanda ya jure ya kai sama zai ga ƙasa ta shimfiɗu a gabansa, gonaki da ƙauyuka da titi kamar zare, ya kuma gane da idonsa abin da ya sa mutanen dā suka zaɓi wahalar hawa a kan zaman fili.

FARIN RUWA

Daga Akwanga hanya ta karkata gabas zuwa Wamba, daga Wamba kuma akwai tafiyar kimanin kilomita 30 kafin a kai Farin Ruwa. Jimlar tafiyar daga Lafiya ta kai wajen kilomita 120. A nan ne tudun Jos ya ƙare, ƙasa ta yanke tsaye kamar bango, ruwan da ya taru can bisa ya rasa hanya sai ya faɗo. An ƙiyasta tsawon faɗowarsa ya kai mita 150. Don mai karatu ya gane girman abin, shahararren ruwan nan na Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tsawon faɗowarsa mita 108 ne, ko da yake wancan ya fi wannan faɗi da yawan ruwa nesa ba kusa ba.

Sunan wurin ya dace da shi. Ruwan yana dukan dutse yana tarwatsewa, ya zama fari fat kamar auduga, har ana hango shi daga nesa sai ka ce hayaƙi. Da damina ƙararsa takan hana mutum jin maganar na kusa da shi, feshinsa kuma ya jiƙa tufafi tun ba a matsa ba. Da rani yakan ragu, ya bar duwatsu da inuwar itatuwa inda za a zauna a ci guzuri. Mota ba ta kaiwa gindinsa, dole a sauka a ƙarasa da ƙafa ta cikin kurmi.

A zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, an ɗaura niyyar mai da wurin masaukin 'yan yawon buɗe ido, aka kuma fara aikin madatsar ruwa don samar da wutar lantarki, amma wa'adinsa ya ƙare aikin bai kammala ba. Ruwan dai bai fasa zuba ba.

TAFKI DA GISHIRI

Ta kudu kuwa ƙasar ta sauya kama. Babu tsauni, sai fili mai gangarawa a hankali zuwa kogin Binuwai. Tafiya kaɗan daga Lafiya sai Doma, garin Alago, inda Andoma ke sarauta, ƙasar noman riɗi da doya. A bayan garin akwai madatsar ruwan Doma wadda Gwamnatin Tarayya ta gina domin noman rani. Ruwan ya kwanta tsakanin tuddai, masunta na bin sa da kwalekwale suna jefa koma. Mai son shiga ruwa sai ya yi ciniki da masunci, amma kada ya yarda a cika jirgi, kuma kada ya shiga ba tare da rigar kariya ba, domin ruwa ba ya da reshen kamawa.

Wanda ya bi ta Obi kuma zai kai Keana, garin Osana, wanda gishiri ya kafa shi, gishiri kuma ya ɗaukaka sunansa. Sana'ar ta mata ce, uwa ta koya wa 'ya. Sukan ɗebo ruwan gishiri daga tafki su yayyafa a ƙasa, rana ta busar, su kankare ƙasar su zuba cikin tukwane masu huda a gindi, su tace da wani ruwan gishirin, sa'an nan su dafa abin da ya tsiyaya har ruwa ya ƙone ya bar gishiri. Aiki ne na rani, domin damina tana tsinka ruwan. Kafin gishirin kanti ya cika kasuwa, fatake daga nesa suke zuwa sayen na Keana da na Awe, har yau kuma mutanen Keana suna yin bikin gishiri da suke kira Oyarore.

Mai tambaya zai ce, ina gishiri ya samo hanya zuwa tsakiyar ƙasa, nesa da teku haka? Masana ilmin duwatsu sun ce kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce teku ya taɓa malalowa ya cika kwarin Binuwai. Da ya janye sai ya bar gishirinsa cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ruwan da ke ɓuɓɓugowa ta cikinsu shi ke fito da shi. A ƙasar Awe ma akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi a Akiri. Ashe Lafiya ba ta da bakin teku, amma teku ya bar mata gādo.

ABIN KOYI DAGA NESA

A gabashin Koriya ta Kudu akwai wani gari a bakin teku mai suna Sokco, wanda ko kusa bai kai Lafiya yawan jama'a ba. A bayansa akwai dutsen Sorak, mai tsawon mita 1,708. A 1970 hukumar ƙasar ta keɓe dutsen ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa, a 1982 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Motar haya na ɗaukar mutum daga cikin gari zuwa ƙofar gandun, an kafa matakala da alamu a hanyoyin hawa, akwai kuma keken da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe yana kai tsofaffi da yara bisa. Baƙo ya wuni a dutse, ya sauko ya ci kifi a kasuwar gari, ya kwana a masauki. Ta haka dutsen yake ciyar da direba da mai abinci da mai ɗakin haya.

Ba dutsen ne ya gina wa kansa matakala ba. Abin da ƙasar Lafiya ke bukata ba ya wuce ƙarfin hukuma: hanya mai kyau har kusa da wuraren nan, da rumfar hutawa da makewayi da wurin salla, da samarin ƙauyukan da za a horar a ba su shaidar jagoranci, da kuɗin shiga sananne wanda wani kaso nasa zai koma ga masu ƙasa. Gaba da kome kuma sai zaman lafiya. Rikicin manoma da makiyaya da ya addabi Awe da Keana da Obi da Doma a 2018 ya nuna cewa baƙo ba ya zuwa inda mai gida ke gudu. Idan aka bari matan Keana suka watsar da tukwanensu don babu mai saye, ko aka sare kurmin Farin Ruwa aka yi gawayi, to, an yi asarar da kuɗi ba su mayarwa.

Kafin hukuma ta yi nata, jama'a ma suna da nasu. Makarantun sakandare da Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, suna iya kai ɗalibai su ga abin da suke karantawa a littafi. Mai niyyar zuwa ya zaɓi watan Oktoba ko Nuwamba don Farin Ruwa, lokacin da ruwa ke da sauran ƙarfi hanya kuma ta fara bushewa, ya bar Keana sai tsakiyar rani. Ya tambayi halin da hanya ke ciki kafin ya tashi, ya gai da mai gari in ya isa, ya sayi abin da mutanen wurin ke sayarwa, ya kwashe shararsa, ya kuma komo masauki kafin magariba. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.