Karatun Kasuwa ta Hanyar Mas'ala



Duk wanda ya durƙusa gaban malami a makarantar ilimi ya san abin da ake kira mas'ala. Malam zai rufe littafi ya ce: mutum ne ya sayi saniya, bayan kwana uku ya ga aibi a jikinta, alhali ya riga ya tatsi nononta, mene ne hukunci? Ɗalibi ba ya tsira da hadda a nan, sai ya auna, ya kawo hujja, ya jure gardamar abokan karatu. Yanzu da 'ya'yanmu suka fara komowa daga jami'o'i da digirin kasuwanci, mun duba takardunsu, sai muka tarar da wannan hanya ce ake koyar da su dabarun sayar da haja.

Asalin abin daga Jami'ar Harvard ne a Amurka. An buɗe makarantarta ta kasuwanci a 1908, ta kuma aro salon daga sashen shari'a, inda Christopher Langdell ya fara koyar da lauyoyi da hukunce-hukuncen kotu tun 1870. Wallace Donham, wanda shi ma lauya ne, ya karɓi shugabancin makarantar a 1919 ya tsaya kai da fata a kan salon. A 1920 Melvin Copeland ya fitar da littafin da ya tattara mas'alolin sayar da haja. Ba mu yi mamakin cewa da wannan fanni aka fara ba. Lissafin kuɗi yana da ƙa'ida, amma zuciyar mai saye ba ta da ita.

Ana ba ɗalibi shafuka goma zuwa ashirin: labarin wani kamfani na gaskiya, da alƙaluman cinikinsa, da abokan hamayyarsa, da manajan da ya zama dole ya yanke shawara. Labarin yana tsayawa daidai inda shawarar take. Washegari ɗalibai wajen casa'in su zauna, malami ya nuna wanda ya ga dama ba tare da gargaɗi ba: kai ne manajan, me za ka yi? A rage farashi ko a riƙe shi? A nemi sababbin masu saye ko a lallaɓa na da? Kusan rabin makin ɗalibi daga bakinsa yake fitowa, kuma kafin ya gama shekara biyu ya ratsa mas'ala wajen 500. Inda suka rabu da malamanmu shi ne, mufti yana rufe zama da fatawa, shi kuwa wannan malami sau da yawa yakan tashi bai faɗi amsa ba.

Daga cikin labaran da aka fi karantarwa akwai na Coca-Cola. A 1985 kamfanin ya ga Pepsi na cin kasuwarsa, ya canza ɗanɗanon lemonsa bayan ya ɗanɗana wa mutane kusan 200,000, yawancinsu kuma suka ce sabon ya fi. Da ya shiga kasuwa sai jama'a suka tayar da ƙayar baya, cikin kwana 79 aka dawo da tsohon. An tambayi harshe, an manta da sabo. Kowace mai tuwo a bakin tasha ta san wannan, ko da ba ta taɓa jin sunan Harvard ba.

Salon yana da raunin da ya kamata 'ya'yanmu su sani. Ana rubuta labarin ne bayan an ga ƙarshensa, don haka wanda ya dace sai ya fito kamar mai hikima, ko da sa'a ce ta yi masa aiki. Ɗalibi kuma ba jarinsa ne a wuta ba. Sannan takardar tana zuwa da alƙaluma a jere, mu kuwa kasuwarmu rabinta lamuni ne: mai gida ya tsaya wa baƙo, dillali ya karɓi la'ada, kaya su tafi a kan kalma. Yaron da ya ƙware a teburin lissafi yana iya ƙin ba da bashin da shi ne igiyar da ta ɗaure mai saye da shagon ubansa shekara ashirin.

Duk da haka akwai darasinsu guda da ya taɓa mu ƙwarai. A 1960 Theodore Levitt ya rubuta cewa kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka sun ja baya ne domin sun ɗauka sana'arsu jirgin ƙasa ce, alhali sana'arsu kai mutane da kaya ce, sai mota da jirgin sama suka ƙwace musu ciniki. To, ai labarin kakanninmu ke nan. Fatake sun daɗe suna zuwa Salaga a ƙasar Gwanja da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma Kano da goron Asante. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 goron Salaga ya ragu, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa kasuwar. Daga baya goro ya koma bin teku zuwa Legas, hanyar jirgin ƙasa kuma ta isa Kano a 1911. Madugun da ya ɗauka sana'arsa ayari ce, ta mutu a hannunsa. Wanda ya gane sana'arsa kai goro lafiyayye bakin mai ci ce, ya bi sabuwar hanya, kuma Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka bi ta. Wannan mas'ala ce cikakkiya, amma a takardun da yaranmu suka nuna mana ba mu gan ta ba.

A fada muna rubuta hukunci: wane ya biya wane kaza, an yi musabaha. Littafin ba ya ɗaukar tunanin da dattijo ya yi kafin ya saki kayansa da araha ko ya riƙe su, kuma duk jana'izar da muka raka tana tafiya da irin wannan ilimi. Abin da muke roƙo shi ne masu digirin nan su zauna da iyayensu 'yan kasuwa, su rubuta shafi uku ko huɗu, su sauya sunaye domin sutura, su tsaya kafin shawarar, a kawo majalisa a yi gardama.

Ga irin wadda za a iya farawa da ita. Wata baiwar Allah ta shekara goma sha biyar tana sayar da koko da ƙosai a bakin tasha. An mayar da tashar bayan gari. Direbobin da ke cin bashinta sun koma can, ma'aikatan da ke biya nan take suna nan. 'Yarta ta ce a bar wuta gaba ɗaya, a riƙa ƙulla garin koko a leda ana kai wa shaguna, kamar yadda wasu suka fara. Jarinta ba zai kai biyu ba, kuma kuɗin makarantar jikoki uku daga tukunyar nan yake fita. Hajiya, Alhaji, malam ɗalibi: ku ne ita, ina za ku kafa murhu ranar Litinin?