Baƙi ƴan ƙodago a gonakin salati na Japon

Kawakami ƙauye ne cikin jihar Nagano, bisa tudu mai tsawon fiye da metir 1000. Salati shi ne arzikin garin. Hannuwan ƴan gari ba su isa ba, sai baƙi daga Biyetinam da Indonesiya ke kama masu aikin.

Lokacin girbi, tun cikin dare baƙo yana gona, duƙe a hasken fitila, yana yanka, don salati ya isa kasuwa da ɗanyensa. Da yawa sun ci bashi a gida don biyan dillalai, ga shi tsarin koyon aiki na 1993 bai bari mutum ya sake maigida in ya ga dama. Dokar 2024 ta sassauta wannan, amma an tsaida soma aikinta a 2027.