Daga Kano Zuwa Ibadan Neman Sa Hannu

Likitoci sun ce sai an fitar da 'yar ƙanwata zuwa Alƙahira a yi mata aikin zuciya. Dangi sun haɗa kuɗi, saura fasfo. Shekarunta 9, ƙa'idar Hukumar Shige da Fice kuwa duk wanda bai kai 18 ba sai da amincewar iyaye a rubuce. Mun tanadi lambar NIN ɗinta, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da shaidar ƙaramar hukuma, da naira 100,000 kuɗin fasfo mai shafi 32, farashin da ya fara aiki a Satumban 2025. Jami'ar da ta duba takardun ta yi wa uwar bayani a tsanake: "Hajiya, saura takardar uba da kwafin katin shaidarsa. In ya rasu, shaidar rasuwa. In kun rabu kuma riƙo na hannunki, a kawo hukuncin kotu."

Sun rabu, amma a zaure aka yi sakin, babu alƙalin da ya rubuta komai. Uban yana Ibadan yana fataucin albasa, ya daina ɗaga wayar kowa daga gidanmu. Shari'a na buƙatar lokaci, ciwo kuwa ba ya jira. Sai na ce ni zan je.

Direbanmu ya ce ko da kuɗi ba zai bi Birnin Gwari ba, babu kuma wanda ya musa masa. Muka bi Kaduna, Suleja, Bida, Mokwa, tireloli sun yi jerin gwano, ramuka na jijjiga mu. Da asuba muka haye gadar Jebba a kan kogin Kwara, daga nan Ilorin, Ogbomoso, Oyo. Takardar amincewar tana cikin leda a aljihun 'yar cikina, ina ta shafa ta.

Ban nufi kasuwa kai tsaye ba, don tare mutum a gaban abokan sana'arsa tozarci ne. Na sauka a Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, inda har yau ake kai ƙarar ɗan Arewa wurin manyansa kafin a kai ta ko'ina. Wani dattijo mai saukar baƙi ya saurare ni har na gama, ya aika aka kira uban bayan la'asar.

Ya zo da ƙurar kasuwa a ƙafa, ya gaishe ni yana kallon tabarma. "Yaya, an ce so ake a gudu min da 'ya." Ashe abin da ke cinsa ke nan. Na miƙa masa takardar asibiti da hotonta a waya, leɓɓanta sun yi duhu, hannunta kamar sillen kara. Ya daɗe yana kallo. Dattijon ya ce, "Malam, fushinka da uwarta daban, jininka daban. Sa hannu." Ya sa, hannunsa na rawa, ya zaro katinsa aka yi kwafi a shagon da ke kusa da masallaci. Da zan tafi ya cusa min kuɗi a aljihu, ya ce a saya mata rigar sanyi. Ban ga mugu a wurin ba. Na ga uban da aka bari da jita-jita shi kaɗai. Duk da haka, rashin ɗaga wayar nan ya kusa cin ran yarinya, kuma na faɗa masa haka.

Da na dawo aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta, fasfon shekara 5 ya fito.

'Yar'uwa, in aure ya ƙare kuma yara na hannunki, ki je kotu a rubuta miki riƙon tun ana lafiya, ki adana takardar tare da ta haihuwarsu.