Na saya da ka, na sayar da tsoro

A ƙarshen 2021 na zuba ɗan abin da na tara a hannun jarin wani kamfanin gina gidaje na Amurka, ta manhajar waya. Hujjata biyu ce. Ta farko, ɗan Adam ba ya rabuwa da buƙatar muhalli. Ta biyu, farashin hannun jarin bai kai ninki goma na ribar shekarar ba, alhali wasu kamfanonin fasaha ana sayensu ninki talatin. Na ce banza ta faɗi.

Ashe sana'ar magina tana da kaka, tana da rani. Hannun jarinsu ya fi yin kama da araha daidai lokacin da riba ta kai ƙololuwa, domin masu kasuwa sun san ba za ta ɗore ba. Haka aka gani a 2005 da 2006, kafin farashin gidaje ya rushe, kamfanonin da suka ci bashi suka tara filaye suka yi ta asarar biliyoyin daloli, wasu ma suka durƙushe. Ni ko labarin ban nema ba.

A Maris na 2022 Babban Bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa. Galibin Amurkawa da bashin banki na shekara 30 suke sayen gida, ga shi ruwan bashin ya tashi daga wajen kashi 3 cikin 100 zuwa sama da kashi 7 kafin shekarar ta ƙare. Kullum na buɗe waya sai jan launi, alamar hannun jarina na faɗuwa. Tsakiyar shekara hankalina ya tashi, na sayar da asara.

Abin da ya biyo baya ne ya fi yi mini ciwo. Masu tsofaffin gidaje da suka samu bashi mai sauƙi suka ƙi sayarwa, don wa zai saki kashi 3 ya kama kashi 7? Gidajen sayarwa suka yi ƙaranci, masu nema suka koma wurin magina. Manyan kamfanonin kuwa suka riƙa ɗauke wa mai saye wani ɓangare na ruwan daga aljihunsu. A 2023 hannun jarinsu ya yi sama, har kamfanin Warren Buffett, Berkshire Hathaway, ya sayi na D.R. Horton da Lennar da NVR, ni ina gefe ina cizon yatsa.

Sai a lokacin na zauna na karanta rahoton shekara na kamfanin, abin da ya kamata in yi tun fari. Cinikin bana ba shi ne abin dubawa ba. Fili ne da bashi. Kamfanin da ya sayi filayen shekaru da kuɗin aro, in kasuwa ta juya, da su zai nutse. Wanda kuwa ya ba da kafin alƙalami kawai, kamar yadda NVR ta shahara da yi, yana iya yafe kuɗin ya janye. Akwai kuma adadin masu fasa ciniki bayan sun sa hannu, wanda kan nuna sanyin kasuwa tun kafin riba ta nuna.

Kamfanin da na saki bashinsa kaɗan ne, yana da kuɗi a ajiye, filayensa da yawa ma na kafin alƙalami ne. Duk suna cikin rahoton, wanda kyauta ake sauke shi a intanet.