An je Lafiya, an dawo lafiya: Abin da wayarmu ta ɗauko a hutun damina

Da aka ba yara dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, maigida ya ce bana sai mun kai su Lafiya su gai da kakarsu, domin rabonsu da ita shekara uku ke nan. Tun kafin mu bar Abuja babbar 'yarmu ta goge tarkacen da suka cika mata waya, ta ce ita ce mai ɗaukar hoton tafiyar.

Hanyar ta bi ta Keffi da Akwanga da Nasarawa Eggon, tafiyar kusan awa uku. A watan Agusta ƙasar nan kore ce shar, ga duwatsun Eggon hazo ya lulluɓe kawunansu. Nan yara suka fara rige-rigen taga. Sai babansu ya kafa doka biyu: mai tuƙi ba ya taɓa waya, kuma ba wanda zai fitar da hannu ko kai daga mota. Tsakanin Akwanga da Lafiya akwai gangare mai lanƙwasa da ya yi ƙaurin suna wajen haɗari, don haka sai da muka wuce shi muka sami fili, muka sauka daga kan titi sosai, sannan aka yi hoton duwatsun.

Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoban 1996, lokacin da aka cire jihar daga Filato. Amma garin ya girmi jihar nesa ba kusa ba. Barebari ne suka kafa shi ƙarƙashin Muhammadu Dunama, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. Sarkin yanzu, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne da ya hau gadon sarauta a 2019. A ƙofar fada sai da muka gai da dogarai muka nemi izini kafin a ɗaga waya. A kasuwa kuwa, inda aka jibge doya da buhunan riɗi da agushi, 'yarmu ta saita wata mai sayar da doya ba tare da ta tambaya ba. Matar ta kare fuska da mayafi ta ce, "'Yata, doya nake sayarwa, ban da fuskata." Yarinya ta ba ta haƙuri, ta goge hoton a gabanta.

Kwana biyu bayan nan muka yi sammako zuwa Farin Ruwa da ke Ƙaramar Hukumar Wamba, kimanin kilomita 120 daga Lafiya. Sai an koma Akwanga a ratse zuwa Wamba, ƙarshen hanyar kuma da ƙafa ake ƙarasawa, shi ya sa muka tambayi halin da hanya take ciki tun daga gida, muka kuma ɗauki ɗan jagora a ƙauyen. Ruwan yana zubowa daga tsayin kusan mita 150, fari fat kamar hayaƙi, kuma da damina yake cika. Da damina ne kuma duwatsun ke yin gansakuka. Ɗanmu mai shekara 12 ya juya wa ruwan baya yana ja da baya don ya ɗauki kansa, sai santsi ya kwashe shi. Ɗan jagoran ne ya cafke masa riga. Gwiwa kawai ya kurje, muka wanke da ruwan roba muka ɗaure, amma har yanzu idan na tuna sai gabana ya faɗi. Iyaye, a bakin ruwa yaro ya tsaya inda ƙafarsa ta kafu, babba ya ɗauke shi hoton.

Hoton da ya fi kowanne daraja a tsakar gida aka same shi. Daren da za mu tafi, Inna tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa, sai 'yarmu ta ce, "Kaka, yaya aka yi kika zo Lafiya?" Ta jingina wayar da turmi. Inna ta ba da labarin yadda aka kawo ta amarya a jirgin ƙasa daga Kafanchan, ta jero sunayen kakanninsu har guda biyar, biyu daga ciki ko ɗanta bai taɓa jin su ba. Minti 11 ne bidiyon, hasken ma bai isa ba. Inna ta haura shekara 80. Farin Ruwa yana nan baɗi in Allah Ya kai mu, wannan hirar kuwa ba mu san ko za a sake samun irinta ba.

Da muka dawo, mun kwafe komai a kwamfuta, mun tura wa 'yan uwa bidiyon Inna, mun kuma kai hotuna 20 an wanke mana, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa. Hotunan yara ba mu sa su a Facebook ba.

Idan za ku kai yara gida a hutu mai zuwa, ku rage wuri a waya saboda tsofaffi, ku zauna kusa da su, ku yi tambaya ɗaya, sannan ku yi shiru. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.