Shaidar tana jikin ganye

Wanda ya ratsa gonakin rogo a yankin Batsari da Safana da tsakiyar damina zai ga wani abu. A kunya ɗaya, wannan tushe ganyensa kore shar, na kusa da shi kuwa ya tsumbure, ganyen ya murɗe, ya yi dabbare-dabbaren rawaya. Sai manomi ya ce ƙasa ce ta gaji, ya ƙara taki. Takin kuwa ba zai warkar da shi ba, domin ciwon yana cikin itacen.

Ƙwayar bairos ce. Tun 1894 aka fara bayanin cutar a ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu, amma sai a 1983 masu bincike a Kenya suka tabbatar da ƙwayar da ke haddasa ta. Girgiza tushen rogo, za ka ga 'yan mitsi-mitsin fararen ƙudaje sun tashi daga bayan ganye. Su ke tsotso ruwan mai cuta su kai wa mai lafiya.

Farin ƙuda daga gona zuwa gona yake kai ta. Daga gari zuwa gari kuwa, galibi aikin mutum ne, tunda itacen rogo ake sara a dasa. Damin da aka ɗauro a bayan babur ba shi da ganye ko ɗaya. Mai saye ya duba kauri, ya ƙirga idanu, ya karce ɓawo da farce ya ga ɗanye ne, ya biya. Duk wannan jarrabawa, itace mai cuta ma yana iya cinye ta.

A shekarun 1990 wani sabon nau'in ƙwayar ya durƙusar da noman rogo a Uganda. Shi ya sa masana ba su saki jiki ba. Shirin WAVE, wanda ya fara a 2015 kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero a Kebbi ke cikinsa, yana bin gonaki yana tsinko ganye don tantance nau'in da ke yawo. Akwai kuma iri masu juriya, kamar TME 419 da ya fito ta hannun cibiyar IITA ta Ibadan.

Manomi ba ya da ɗakin gwaji, amma yana da watan Agusta. Lokacin ne zai zaga gonar da yake son irinta, ya ɗaura tsumma a tushen da ganyensa ke lafiya, ya tumɓuke masu murɗaɗɗen ganye tun suna ƙanana. In ya bari sai ranar sara, ganye ya zube, sai dai ya yi canke.